Lissafin shekaru daga bencin baya

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau kwana tara ke nan ina zaman koyon aiki a Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, inda aka turo mu daga makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda. Na isa kafin ƙarfe tara, na sami wuri a bencin baya cikin baƙar kwat ɗina, wadda zafin garin nan bai taɓa yi mata uzuri ba. Da aka ƙwanƙwasa ƙofa aka sanar da shigowar Mai Shari'a, kowa ya miƙe ya rusuna.

Shari'ar farko ta wani matashi ce da ake tuhuma da safarar miyagun ƙwayoyi, amma ni hannun alƙalin ne ya ɗauke mini hankali. Shaida yana magana da Hausa, tafinta yana mayarwa Turanci, shi kuwa yana rubuta kowace jimla da biro, yakan ma ɗaga hannun hagu ya tsayar da lauya har sai ya ɗiga aya. Kusan awa uku ya yi a haka bai kurɓi ruwa ba.

Bayan an tashi na tarar da wani dattijon lauya a inuwar darbejiya yana ninke rigarsa ta kotu, na gaishe shi na ce, "Yallaɓai, shekara nawa mutum yake yi kafin ya hau waccan kujera?" Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ƙirga da yatsunka." Shekara 5 a jami'a, shekara guda a makarantar lauyoyi, sannan a rantsar da mutum a matsayin lauya. Daga ranar nan sashe na 250 na kundin tsarin mulkin 1999 yake fara lissafi, domin sai lauya ya cika aƙalla shekara 10 kafin a dube shi. Ko ya cika ɗin, sai Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Tarayya ta miƙa sunansa ga Majalisar Shari'a ta Ƙasa, ita kuma ta ba Shugaban Ƙasa shawarar naɗa shi.

Ya ce shekara goman nan ƙofa ce kawai, abin da aka yi a cikinsu shi ake aunawa. Wasu daga ma'aikatar shari'a ta jiha suke fitowa, wasu majistare ne ko magatakardan kotu, wasu kuma lauyoyi masu zaman kansu. Ya kawo misalin marigayi Mai Shari'a Adamu Abdu Kafarati, mutumin Gombe, wanda aka naɗa alƙalin kotun nan a 1991, ya kai ga zama Babban Alƙalinta, ya yi ritaya a 2019 da ya cika shekara 65. Tun 2023 an ɗaga shekarun ritayar zuwa 70, abin da a ganina ya ƙara wa na ƙasa tsawon jira.

Da na dawo gida na yi wa Umma wannan lissafi: shekarata 25, idan an rantsar da ni baɗi, ba zan cancanta ba sai ina da 36. Ta ce in fara cin jarrabawar da ke gabana tukuna, ta turo mini kwanon tuwo. Har yanzu ban cike littafin rahoton zaman yau ba, ga shi gobe akwai shari'ar haraji da ƙarfe tara.