Banjo ta kama ni

Jama'a, kiɗan ƙauyen Amurka ya shiga raina. Wanda ake kira alt-country nake nufi: murya mai ɗan kaushi, jita, goge, banjo (abin kiɗa mai tsirkiya), da labarin mai haƙar kwal da bashi ya yi wa katutu.

Wani abokina ne ya turo min faifan ƙungiyar mawaƙa ta Uncle Tupelo na 1990, mai suna No Depression. Samari ne daga Belleville a jihar Illinois, suka ɗauko tsohuwar waƙar addini da iyalin Carter suka rera a shekarun 1930, suka sa ta a tsakiyar faifan da jitar lantarki ke ruri.

Amma banjo ce ta fi kama ni. Da daddare na sa abin sauraro a kunne, har gogar yatsa a kan tsirkiya nake ji, sai gurmi ya faɗo min a rai. Akwai dalili kuwa. Bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa banjo a yankin Karibiyan, da duma da fata da sanda, kafin ta hau duwatsun Appalachia na Amurka.

Don Allah mai waƙoƙin mawaƙiya Gillian Welch ya turo min.