Santimita biyar

Laraba. Da asuba sanyi ya kai 34 ƙasa da sifiri, amma babu iska, alhamdulillahi. Maman yara ta dama kunun gyaɗa ta cika mini fulas. Auta ya ƙi sa safar hannu har sai da na sa tawa a gabansa. Na bar Yellowknife, garin da muke zaune a arewacin Kanada, cikin duhu raina fes, don a watan nan rana ba ta leƙowa sai wajen ƙarfe goma.

Aikin yau bai taka kara ya karya ba, katafilar share dusar ƙanƙara ce za a tsallakar ta kan daskararren tafki zuwa wancan gefen, ni kuma aikina auna kaurin ƙanƙarar. Da man da ke cikinta da wuƙar gabanta, nauyinta tan 12 ne. Na ɗauki injin huda na bi layin da ƙafa. Rami biyar na farko lafiya lau, ƙanƙara garai-garai mai duhun shuɗi, irin wadda in ka share samanta kake hango tsagogi can ciki kamar gilashi. Rami na shida kuwa, kusa da inda rafi ke shigowa, ma'auni ya nuna santimita 60, amma garin da injin ya fara fitarwa fari ne fat, mai laushi. Na durƙusa na leƙa da tocila. Santimita 20 na sama farar ƙanƙara ce, dusar da ta jiƙe ta daskare, cike da kumfar iska.

Ga lissafin da muke amfani da shi. Na Lorne Gold ne, wani masanin ƙanƙara ɗan Kanada, tun 1971: kauri a santimita sau kauri, sau wani adadi, shi ne kilon da ƙanƙara za ta ɗauka. Adadin da mu muke sawa 4 ne. Farar ƙanƙara kuma rabinta ake ƙirgawa. Ke nan shuɗiya 40 da rabin fara 10, ya zama 50; 50 sau 50 sau 4, kilo 10,000 ke nan. Katafilar tana bukatar 55. Biyar suka rage.

Na je na faɗa wa Dattijo, direban katafilar. Yana zaune a ciki injin na ruri, ƙofa a buɗe kamar kullum. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, wannan sarƙa ce da ita, ba taya ba. Nauyin a baje yake."

Na ce masa sarƙa tana hana mota nutsewa cikin dusa, wannan gaskiya ne, amma ita ƙanƙara a kan ruwa take yawo, nauyin duka take ji. Kwalekwale ba ruwansa da ko saniya a tsaye take ko a kwance. Ya yi murmushi, ya ce bai taɓa sa saniya a kwalekwale ba. Har na fara dariya. Sai ya cire tabaransa yana gogewa, ya ce a hankali, "Jiya ta nan na bi, zuwa da dawowa. Kai ka sa hannu."

Ba da faɗa ya faɗa ba. Da ma da faɗan ne.

Ni na sa hannu, babu ƙarya. Jiya mun ja na'urar rada mai auna kaurin ƙanƙara a kan layin, ta nuna 60 ko fiye ko'ina. Na huda a farko, na huda a tsakiya, na ga shuɗiya, na ce shi ke nan. Yatsuna sun ƙage, ga la'asar tana neman kufce mini, don a nan tsakaninta da magariba ba nisa. Ban ƙarasa bakin rafin ba. Alhali na sani sarai rada kauri take faɗa, ba ta faɗin irin ƙanƙarar, kuma na sani inda ruwa ke gudu ta ƙasa can ake fara zargi. Wannan shi ne abin da ake koya wa sabon shiga a makon farko.

Tun ɗazu ƙofar nan nake gani. Mutumin nan ya fi shekara talatin yana wannan aiki, yana da jikoki, kuma ba ya ɗaura bel ko rufe ƙofa a kan tafki, don in ta karye ya samu ya yi tsalle. Jiya na tsaya ina kallonsa ya wuce ta kan wurin nan sau biyu, har na ɗaga masa hannu. Na san akwai rara a cikin lissafin, shi ya sa ba ta fashe ba. Amma rarar nan ta tsagar da ba a gani ba ce, da sanyin da kan sauko farat ɗaya ya sa ƙanƙara ta yi gautsi. Ba don ragwancina aka ajiye ta ba. Dubi babbar hanyar ƙanƙara da ke kai kaya ma'adinan lu'ulu'u daga tafkin Tibbitt: sai ƙanƙara ta haura mita guda ake barin tirela ta ɗauki cikakken lodi, kuma ba ta wuce gudun kilomita 25 a awa, don kada igiyar ruwan da ke gudu a ƙasa ta fasa ƙanƙarar a bakin gaɓa. Duk wannan taka-tsantsan, ni kuma rami ɗaya ya gagare ni.

Na kira Oga na faɗa masa komai, har da na jiya. Ya yi shiru kaɗan, ya ce a rubuta a rahoto, a sa ƙaramar mota ta kwashe dusar wurin don sanyi ya ratsa, a sake aunawa ranar Asabar. Dattijo ya kashe injin, ya sha rabin kununa, ya ce ya yi zaƙi da yawa.

Tuwon shinkafa da miyar kuka, ban ci da yawa ba. Maman yara ta dube ni sau biyu, ba ta tambaya ba.

Hajiya ta turo saƙon murya tun azahar, tana tambaya ko har yanzu a kan ruwa muke yawo da motoci. Na saurara sau uku. Sai gobe in Allah Ya kai mu zan kira ta.