Zaman haya a Paju, gab da iyakar Koriya biyu

Aikin gwanjo ne ya kawo ni Paju. A gefen garin akwai manyan rumbuna inda ake ware tsofaffin riguna da barguna, a matse su dila-dila, a loda a kwantena zuwa Afirka. Wani ɗan garinmu da ya riga ni zuwa Koriya ta Kudu ya yi mini hanya, ya kuma samo mini ɗaki a gidan wata tsohuwa da nake kira Kaka. Da farko damuwata irin ta kowane baƙo ce: sanyin Janairu mai ratsa ƙashi, naman halal da sai an sha nema, da Juma'ar da sai na hau jirgin ƙasa zuwa masallacin Itaewon a Seoul.

Maganar iyaka kuwa ba ta jira na tambaya ba. Waya mai ƙaya ta bi bakin kogin Imjin, samari cikin kaki sun cika tashar jirgi, wani lokaci rugugin atisaye ya girgiza taga. A ƙarshen watan Mayun 2024, cikin dare, wayata ta ɗau ƙarar gargaɗi. Koriya ta Arewa ce ta sako balan-balan ɗauke da shara. Na kwana ido biyu ina salati. Da safe na tarar abokan aikina suna shan kofi, babu wanda ya ko ɗaga zancen.

A wajen Kaka na gane nauyin abin. A lardin Hwanghae aka haife ta, can tsallake a Arewa. Tana ƙaramar yarinya mahaifinta ya riƙo hannunta suka gudo kudu cikin hunturun 1951, suka bar uwarta da ƙanenta a kan za su koma bayan 'yan kwanaki. Ranar Chuseok, bikin girbi da Koriyawa ke tunawa da magabata, ta ce, "Ɗana, zo ka riƙe mini kwandon nan." Muka je Imjingak, wani filin baƙi kusa da iyaka, inda akwai wani dandamalin dutse mai suna Mangbaedan da aka gina wa waɗanda garuruwansu suka rage a Arewa. Ta jera shinkafa da 'ya'yan itatuwa, ta fuskanci arewa ta durƙusa, gwiwoyinta na rawa. Ni Musulmi ne, na ja gefe na tsaya, amma wallahi sai da na share hawaye. Ba ta san ranar da uwarta ta rasu ba, balle inda aka binne ta.

Sunanta na cikin mutum fiye da 130,000 da suka yi rajistar neman ganin danginsu da ke Arewa. Da kwamfuta ake jefa ƙuri'a, a zaɓi kimanin ɗari a kowane zagaye, kuma ba ta taɓa faɗowa kanta ba. Haɗuwar dangi ta ƙarshe an yi ta ne a Dutsen Kumgang a watan Agustan 2018. Fiye da rabin masu rajistar sun riga sun mutu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba Koriyawa suka ja layin nan ba. Japan ta mulke su daga 1910 zuwa 1945. Da ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu, hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka duba taswira suka zaɓi layin taswira na 38, wanda ya raba ƙasar biyu: Tarayyar Sobiyet ta riƙe arewa, Amurka kudu. A 1948 gwamnati ta zama biyu. Ranar 25 ga Yunin 1950 Arewa ta afka wa Kudu, daga baya Sin ta shigo, miliyoyi suka halaka. Takardar da aka sa wa hannu ranar 27 ga Yulin 1953 ta tsagaita wuta ce kawai, kuma Koriya ta Kudu ba ta cikin masu sa hannun. Har yau sojan Amurka kusan 28,500 na nan ƙasar.

Dangin mahaifiyata a Maraɗi suke, mu a Katsina, don haka na san layin da Turawa suka ja a tsakiyar dangi. Amma ko da aka rufe iyakarmu a 2023, waya na shiga, mutane na ratsa daji a babur su je jana'iza. A nan ko wasiƙa ba ta ƙetarewa.

Jikan Kaka, wanda ya gama watanni 18 na aikin soja, ya faɗa mini gaskiyar zuciyarsa. "Yayana, ni ban san kowa can ba. Gida ya gagare ni saye a Seoul, wa zai biya kuɗin haɗe Koriya biyu?" Ban ga laifinsa ba. Yana da wayo aka rufe masana'antun haɗin gwiwar Kudu da Arewa na Kaesong a 2016. Ya ga Moon Jae-in, shugaban Kudu na lokacin, da Kim Jong-un na Arewa sun riƙe hannu a Panmunjom da ke kan iyaka a 2018, ya ga taron Kim da Trump a Hanoi ya watse a 2019, ya ji Kim a farkon 2024 yana cewa ya yafe haɗewa, Kudu abokiyar gaba ce.

Ni a ganina haɗewa ba ta kusa. Sin ba za ta so sojan Amurka a bakin kogin Yalu, iyakarta da Arewa, ba, Amurka ba za ta tafi ta bar makaman nukiliyar Arewa ba, gidan Kim kuma ba zai saki mulki ba. Duk na fahimci wannan. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne a hana tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya sanin ko ƙanenta na raye, alhali wannan bai rage wa kowa makami ko ɗaya ba.

Gwamnati da Red Cross na ɗaukar wa tsofaffin nan saƙon bidiyo da gwajin ƙwayar halitta, a adana don na baya. Kaka ta yi duka biyun. A gabana ta miƙa wa jikan takardar shaidar, ta ce, "In an buɗe hanya bayan raina, ba ka da hujjar cewa ba ka san wanda za ka nema ba."