Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Mai Sikeli Shi Ne Mai Gona

A makon jiya na tsaya ne a ranar da muka sauke kaya a ƙauyen surukina da ke bakin kogi a Najeriya. Tun fitowar wancan kashi wasu daga cikin dangi suke aiko mini da saƙo cewa in tsallake batun noman raken da na yi wa wani kamfanin sukari a can, tun da wanda abin ya shafa, wato ɗan kawuna, ya manyanta, ƴaƴanmu kuma sun yi auratayya. Na saurare su da girmamawa, amma ba zan tsallake ba, domin shekaru shida na rayuwata suna cikin gonar nan, kuma a cikinta ne fadamar Baba ta bakin Gulbin Maradi ta narke.

Baba, Allah ya jiƙansa, ya soma noman rake a fadamarmu ta hanyar Madarumfa tun kafin a haife ni. Raken sha ne mai taushi, wanda ake sarewa da sanyin safiya, a ɗaure shi dami-dami, a ɗora wa amalanke zuwa kasuwar Maradi. Idan mai saye ya raina kaya, Baba yakan juya ga na kusa da shi, idan kuma kasuwa ta faɗi sai a bar raken a tsaye har ta farfaɗo. A shekarar El Buhari, wato 1984, da gero ya ƙone a tudu, raken nan da ƴar rijiyar da ke tsakiyar fadamar ne suka riƙe gidanmu. Amma karin maganar da ya fi yawan faɗi ba daga rake ya samo ta ba, daga zamanin gyaɗa ne, lokacin da yake saurayi yana kai buhuna wurin awo, ya tsaya yana kallon malamin awo na rubuta abin da ya ga dama. Yakan ce mini: "Kai yaro, mai sikeli shi ne mai gona, kai dai naka wahala." Na ji wannan magana fiye da sau ɗari, kuma na ɗauke ta tsegumin tsofaffi ne kawai.

Bayan an gina madatsar ruwa ta Jibiya, ruwan Gulbi ya ragu, fadama ta daina ba da abin da ta saba. Shekarun da suka biyo bayan rasuwar Baba ba su da wani labari, na yi ta fama da ita ne kawai. Sai ga ɗan kawuna, wanda duk muke kira Yaya, ya zo daga Najeriya da labari mai daɗi. Gwamnatin can ta fito da babban tsarin sukari a 2012, domin yawancin sukarin da suke sha ɗanyensa ake shigo da shi daga Burazil a tace a Legas, an kuma ɗora wa manyan kamfanoni su riƙa noman rake a cikin gida. Wani kamfani, wanda ba zan ambaci sunansa ba, yana neman manoma a kewayen masana'antarsa. Shi zai yi huɗa da tarakta, ya ba da iri da taki da ruwa bashi, ya sayi raken duka idan ya nuna, ya cire kuɗinsa ya ba manomi saura. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce: "Ƙanena, kai da ka gaji rake, za ka zauna kana gadin busasshiyar fadama?" Na sayar da fadamar a wannan rani, Inna tana kuka, ni kuwa ina ganin na fi Baba wayo.

Da yake ni ɗan Nijar ne, da sunan surukina aka rubuta gonar, shi ya dangwala yatsa a takardar da aka rubuta da Turanci, wadda babu wanda ya karanta mana ita har ƙarshe. Raken masana'anta ba irin na Baba ba ne, siriri ne mai tauri, ba mai saye ya sha a tasha. Yana cin kusan wata 12 a gona, kuma idan an sare shi yakan sake tohowa daga kututture a shekara ta biyu da ta uku. Abin da ban lura da shi ba tun farko shi ne, duk faɗin yankin mai saye guda ɗaya ne, shi yake sa ranar sara, shi yake turo mota, sikelin kuma yana can bayan ƙofarsa inda manomi ba ya shiga. Ana cinna wa gona wuta domin ganye ya ƙone, masu adda su bi su kwantar da raken, daga nan kuma sai gaggawa, domin raken da aka sare idan ya wuce kwana biyu bai shiga inji ba, ruwansa yana tsotsewa, zaƙinsa yana juyawa tsami, nauyinsa yana raguwa.

Shekarar farko an biya mu a kan kari, har na aika wa Inna da buhun shinkafa da atamfa. A shekara ta uku aka sare mini gona ranar Litinin, motoci ba su zo ba sai bayan kwana tara, domin an ce a fara kwashe raken gonar kamfani tukuna. Kullum da asuba nakan je in ɗaga kara in ji ya ƙara sauƙi a hannuna. Da takardar awo ta fito, an cire kuɗin huɗa, na iri, na taki, na ruwa, na sara, na dako, sannan aka ƙara cire wani kaso da sunan datti da bushewa, bushewar da ba ni na jawo ta ba. A ƙasan takardar aka nuna cewa ni ake bi bashi. Na tsaya a bakin tagar malamin awo na ce: "Malam, don Allah a bar ni in ga yadda aka auna." Ya dube ni da tausayi ya ce: "Baba, ni ma ɗan aike ne." A lokacin ne muryar mahaifina ta dawo mini kamar yana tsaye a bayana, mai sikeli shi ne mai gona.

Ban ga laifin malamin nan ba har yau. Babban ɗana ne ya fahimtar da ni daga baya cewa kamfanin yana cikin kasuwar hannayen jari ta Legas, masu shi dubbai ne, suna taro sau ɗaya a shekara a raba musu riba, kuma manajan da muke gani a mota ƙirar jif su yake tsoro, ba mu ba. Ya ce kimanin tan 10 na rake ne yake ba da tan guda na sukari, saboda haka duk kilon da aka rage wa manomi yana da inda yake zuwa. A shekarar da aka ce ana bina bashi, an sanar da rabon riba. Ban ce mai hannun jari ɓarawo ba ne, domin a cikinsu akwai tsofaffin malaman makaranta da suka zuba kuɗin sallamarsu, amma babu wanda ya gaya musu raken wa ya kwana tara a rana.

Ba ni kaɗai abin ya sama ba, don haka ƙungiyar manoma ta tashi, Yaya ne shugabanta. Sai aka yi katari shekarar zaɓe ta gabato. Ɗan majalisar da ke kan kujera ya zo aka kafa masa rumfa, ya ɗaga takardar awon wani tsoho sama, ya rantse zai kai ta Abuja, za a kafa kwamiti, za a fito da sikeli waje inda kowa zai gani. Abokin hamayyarsa ya zo bayan mako guda ya ce wancan ɗan kamfani ne, shi kuwa yana tare da mu, mu je mu tare ƙofa. Muka tare ƙofar kwana huɗu, kuma a cikin kwanakin nan raken wasu daga cikinmu yana kwance a gona yana bushewa, abin da babu ɗaya daga cikin ƴan takarar da ya tuna. Da kamfani ya yarda zai sake duba lissafin wasu manoma, yaran ɗan majalisa ne suka zauna rubuta sunaye, kuma abin da suka fara tambaya shi ne katin zaɓe. Na miƙa takardar awona, yaron ya ce: "Baba, katin fa?" Nawa na Nijar ne, surukina kuma an san shi da ɗaya jam'iyyar. Yaya yana zaune a kan teburin, na ce masa: "Yaya, kai ka kawo ni ƙasar nan." Bai ɗago kansa ba, ya ce in yi haƙuri sai zagaye na biyu. Zagaye na biyun ne ba a yi ba har na bar garin. Bayan zaɓe, sikeli ya ci gaba da zama a inda yake, Yaya kuma ya sami kwangilar dakon rake da motoci biyu.

Shekaru bayan haka, ina nan Maradi, ɗana ya karanta mini labarin kamfanin Mumias na yammacin Kenya, na ji kamar a ƙauyen surukina aka yi. Shi ne ya fi kowane kamfanin sukari girma a ƙasar, ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nairobi a 2001, dubban manoma suna kai masa rake. Da ya kasa biyansu, wasu suka riƙa karkatar da rakensu zuwa wasu masana'antu, wasu suka tumɓuke shi suka shuka masara. Shugaba Uhuru Kenyatta ya ba da shilin biliyan 1 a 2015 domin a ceto shi, ƴan siyasar yankin suna ta zargin juna, amma a 2019 bankin KCB ya ɗora masa mai riƙo, wato wanda zai karɓi ragamarsa daga hannun masu shi, saboda bashi. A can har masu hannun jarin sun yi asara. Na ce wa ɗana ya sake karanta mini wurin manoman da suka tumɓuke rake, domin ni ban sami ƙarfin halin yin haka ba sai da na ƙara shekaru uku ina biyan bashin da ban ci ba.

Mun dawo gida ta Jibiya da Ɗan Isa ƴan makonni kafin Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019, da katifa biyu da akwatin ƙarfe. Inna ba ta ce mini komai game da fadamar ba, ta dai tambaye ni ko na ci abinci, kuma wannan shirun nata ya fi mini zafi da a ce faɗa ta yi. Wanda ya sayi fadamar ya haƙa rijiyar burtsatse, yana noman zogale da tumatir, kuma har yau idan zan je Madarumfa nakan ce wa mai babur ya bi ta ɗaya hanyar.

Takardar awon nan tana cikin akwatin ƙarfen. Da Yaya ya zo ɗaurin auren ƴar autata bara, na tarbe shi, na ba shi tabarma da ruwa kamar yadda ya wajaba, sannan bayan la'asar na ɗauko ta na ajiye a gabansa. Abin da ya ce mini a ranar, da yadda Kawu ya shiga tsakaninmu, shi zan kawo a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.