Allon zamiya a ɗakin ƙasa

Maganar da wani uba ya faɗa mini a filin ƙanƙara na unguwarmu a nan Winifeg ta ƙasar Kanada har yau tana ci mini rai. Ranar ana gwada yara ne don a raba su ƙungiya-ƙungiya a wasan hoki, wanda ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara. Ɗana mai shekara tara yana ta faɗuwa yana tashi, sa'o'insa na wuce shi fuu. Mutumin ya matso da kofin gahawa a hannu, da fara'arsa kuwa, ya ce su nasu tun suna shekara uku ake ɗaura musu takalmin zamiya, me zai hana in kai nawa ƙwallon ƙafa, ai can mutanenmu suka fi ƙwarewa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Yaron yana kusa, kuma ya ji. Har muka isa gida bai ce uffan ba, tuwon dare ma bai taɓa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi, babu ɗan Kanada da bai san Jarome Iginla ba. An haife shi a Edmonton a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya yi shekaru yana kyaftin ɗin ƙungiyar hoki ta Calgary Flames, ya ciyo wa ƙasar zinare a gasar Olamfik ta 2002 da ta 2010. Mutumin ya san wannan sarai, amma ya dubi ɗana ya nuna masa ƙofa.

Kocin, Allah ya saka masa, shi ya gaya mini gaskiyar matsalar. Yaron yana tura ƙafa baya, yadda ake yi in ana gudu, alhali a kan ƙanƙara gefe ake turawa, gwiwa a lanƙwashe, nauyin jiki duka a kan ƙafa ɗaya. Filayen waje kuma da an shiga watan Maris sai su fara narkewa, na cikin gini kuwa kuɗin darasi ya fi ƙarfin mai aikin dare a sito. Ya ce in nemi allon zamiya, irin wanda Eric Heiden, ɗan tseren kan ƙanƙara na Amurka, ya riƙa atisaye a kai kafin ya kwashe zinare biyar a gasar Olamfik ta 1980.

Ban saya ba, ni na haɗa. Na samo falle ɗaya na katako mai santsi, irin na saman teburin kicin, tsawon ƙafa takwas, na yanke shi daidai takun yaron. Na kafa guntun katako a kowane ƙarshe don ya tare ƙafa, na liƙa musu soso saboda idon sawu, na shimfiɗa roba a ƙasa kada allon ya gudu. A fesa man goge kujeru, a goge da tsumma, yaro ya ɗora safar ulu a kan takalminsa, shi ke nan. Ya turo daga wannan gefe ya zame zuwa wancan, ya tsaya a duƙe, ya komo. Minti kaɗan cinyoyinsa suke fara rawa. Yanzu kullum bayan la'asar muna jin ƙarar ƙafarsa daga ɗakin ƙasa, tim, tim, mamansa tana ƙirga masa daga kicin. Da sanyi ya dawo, kocin da kansa ya tambaye ni inda muka kai shi horo. Ranar na yi tafiya kaina a sama.

Amma ƙamshin garin katakon nan ya tayar mini da abin da nake ta dannewa. Baba kafinta ne a Zariya, a gindin bencinsa na tashi, ni ke miƙa masa ƙusa da zarto. Na kira Yaya a WhatsApp na ce ya kai masa wayar. Idonsa ya yi rauni, sai da ya kawo ta dab da fuskarsa. Bai tambayi mene ne hoki ba. Cewa ya yi, "Kai, ka nutsar da kan ƙusoshin nan? Kada su yage wa jikana ƙafa." Na ce, "Na nutsar, Baba." Ya ce in shafa da tafin hannu yana gani. Na shafa. Ya ce, "To, madalla, ashe ba ka manta ba."

Jikan nan nasa rabon da ya gan shi ido da ido tun yana goye. Inna kuwa duk kira sai ta ce a cire yaron daga wasan ƙanƙara kada sanyi ya kama masa ƙirji, sannan ta tambayi yaushe za mu zo. Yaya ya gaya mini a ɓoye cewa Baba ya daina zuwa shago, almajiransa ke riƙe da shi, kuma likita ya ce a yi aikin idon kafin ɗayan ma ya rufe. Na tura kuɗin aikin. Abin da ya rage a asusu bai kai tikitin mutum huɗu ba, ga rajistar hoki ta kaka tana tafe, ga takalmin ya matse wa yaron. Mun zauna da mamansa mun yi lissafi har dare, muka tsaya a kan ni kaɗai zan je da babbar Sallah. Inna ban gaya mata ba tukuna, ita tana can tana shirin tarbar jikoki.