Asabar, ranar da shafina ya koma cikin kwantena

Zafin Sakkwato na watan Afrilu ba ya jiran hantsi. Tun ƙarfe tara fankar kwamfutata take kuka, ga shi an ɗauke wuta tun asuba, sai batir da hasken rana. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na jona da intanet ɗin waya, na ce yau dai sai shafina ya tashi daga wannan kwamfutar ya koma sabar da na yi haya, wato kwamfutar da ke riƙe shafi a intanet, ta hanyar manhajar Docker.

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya leƙo ya ga baƙin allo, ya ce, "Kawu, mi ad dalilin wagga wahala? Ka kwafe fayilolin ka tura mana." Na ce masa fayiloli ba su ne matsalar ba, abin da suke zaune a kai ne. Manhajar da ta yi aiki a nan tana iya ƙin tashi a can don sigar wani abu ta bambanta. Docker, wanda ya fito a 2013, yana ɗaure manhaja da duk kayan da take buƙata a ƙunshi guda, a kira shi imej. Imej kamar ƙarfen buga bulo yake, kwantena kuma, wato manhajar tana aiki, bulon da ya fito. In ɗaya ya fashe ba a lallaɓa shi, a buga wani. Kuma kwantena ba wata kwamfuta ce sukutum ba, da zuciyar Linux ɗin sabar take aiki, shi ya sa ba ta da nauyi.

Na bar WordPress, manhajar gudanar da shafi, da gangan. Yana son PHP da rumbun bayanai irin MySQL, ni kuwa sabar tawa gigabait ɗaya take da shi na ƙwaƙwalwa. Hugo na ɗauka, mai mayar da rubutu shafuka tun kafin mai karatu ya zo. A cikin Dockerfile, fayil ɗin da ke faɗin yadda za a gina imej, na yi hawa biyu: na farko Hugo ya gina shafukan, na biyu ya kwashi abin da aka gina kaɗai ya miƙa wa Caddy, manhajar da ke kai wa mai karatu shafukan. Kayan ginin duk a bar su a baya.

Inda na fi daɗewa shi ne takardar shaidar tsaro, wadda ke sa kwaɗon nan a gefen adireshi. Caddy da kansa yake karɓo ta daga Let's Encrypt, masu bayar da irin wannan takarda, ya sabunta kafin kwana 90 ɗinta su cika. To amma duk abin da kwantena ta rubuta a cikinta yana tafiya da ita ranar da aka goge ta. In ba a ware wa takardun ma'ajiya a waje ba, kowane sabon gini sai ya nemi sabuwa, su kuma sau biyar kawai suke bayar da iri ɗaya a mako. Layi biyu ne a fayil ɗin compose, inda ake tsara yadda kwantena za ta tashi, sai da na karanta su sau da yawa kafin na wuce. Yaron ya ce na cika tsoro. Wataƙila.

Ginin ma ban yi shi a nan ba. Data ta yi tsada, ba zan ja imej in sake tura shi ta waya ba. Rubutu kawai na tura ta Git, manhajar adana fayiloli da tura su, na shiga sabar daga nesa ta SSH, ita ta ja kayanta da nata intanet ɗin.

Bayan la'asar na buɗe ƙofa ta 80 da ta 443, inda masu karatu ke shigowa sabar, na buga docker compose up -d, umarnin tayar da kwantenar. Yaron ya gwada a wayarsa, shafin ya buɗe da kwaɗonsa. Ya ce zai kawo aikin ajinsu gobe mu sa shi a kwantena, na ce ya taho da fura daga Mabera, kuma ya zo da tasa datar.