Garin tsafta na kashe kifi biyar

'Yata ce ta ja mini. Mun je wurin likitan haƙori, ta ga akwatin gilashi cike da kifin ado a ɗakin jira, tun daga ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba. Ƙarshen wata na sayo mai cin lita 60, da tsakuwa, da 'yar matata mai soso a ciki, da injin hura iska, da jajayen kifayen nan da ake kira golfish har guda takwas. Duk a yini ɗaya. Mai shagon bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Da la'asar na cika akwatin da ruwan famfo, kafin a kira magariba kifi na ta shawagi a falonmu da ke Unguwar Rimi.

Kwana uku ruwan ya yi fari kamar farau-farau. Uwargida ta ce, "Malam, ruwan kifin nan fa ya yi datti." Na kwashe su na zuba a bokiti, na zubar da ruwan kaf, na ɗauraye tsakuwa, na murje soson matatar a bakin famfo har ya koma kamar sabo. Washegari ɗaya ya mutu. Na ce ai dattin ne bai fita duka ba, na ƙara ƙaimi wajen wanki. Cikin mako biyu biyar sun tafi, sauran ukun kuma kullum suna sama, baki a buɗe, kamar masu roƙon iska. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwan garau yake.

Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon ma'aikaci, da ke kiwon tarwada a kwamin siminti a bayan gidansa. Bayan sallar asuba na tare shi da zancen. Ya biyo ni gida, ya tsaya ya daɗe yana kallon kifayen, sannan ya zaro soson.

"Ɗan nan, sau nawa kake wanke wannan?"

"Duk bayan kwana uku, Baba."

"Da ruwan famfo?"

Na ce e. Ya girgiza kai ya ce, "Garin neman gira ka rasa ido."

Bayanin da ya yi mini, wanda daga baya na bi na tabbatar, shi ne kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci duk suna sakin amoniya a cikin ruwa. Guba ce, ba ta da launi, tana ƙona wurin numfashin kifi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da ita naitirait, wadda ita ma guba ce, don tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Shi ya sa nawa suke haki a sama alhali injin iska na aiki. Sai wasu ƙwayoyin daban su mayar da naitirait zuwa naitiret, mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa ke ragewa. Ƙwayoyin nan a jikin soso da tsakuwa suke zama, kuma a sabon akwati sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin. Ni kuwa duk bayan kwana uku sai na bi su da ruwan famfo mai kulorin, sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta, na hallaka. Farin da ruwan ya yi tun farko ma ba wani abu ba ne, da na ƙyale shi da ya washe da kansa.

Ranar Baba ya hana ni ba su abinci kwana biyu. 'Yata har da kuka, wai za su mutu da yunwa. Ita ce dama ke barbaɗa musu abinci duk sanda ta gilma, ƙaninta ma haka, ni ma in na dawo aiki na ƙara. Yanzu sau ɗaya ne a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma gwangwanin yana saman kabad.

Na yi odar kayan gwajin ruwa daga Legas, 'yan kwalaben da ake ɗigawa a ga launi. A ganina ya kamata a sayi wannan tun kafin a sayi kifi. Amoniya da naitirait sifili ake so. Nawa naitirait ya wuce 1 a ma'aunin gwajin. Na koma canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan kullum, ina zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, soso kuwa ban ƙara taɓa shi ba. Na sa gishiri kaɗan, ƙaramin cokali a kowace lita 10, don yana rage shigar naitirait jinin kifi.

Zancen ruwan da za a zuba shi ma da nasa rigimar. Famfonmu ba kullum yake kawowa ba, wani lokaci sai mun sayi na 'yan garuwa, wanda ba ka san daga rijiyar da aka ɗebo shi ba. Na burtsatse ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin iska. Sai na ware jarka biyu masu lita 25, waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba, ina tara ruwa ya kwana biyu a buɗe, sannan na ɗiga maganin kashe kulorin. Ajiye su a falo ya yi mini wani amfanin da hunturu ya shigo, don sanyinsu ya zama ɗaya da na akwatin.

Sai ɗauke wuta. In matata ta tsaya awanni da yawa, ƙwayoyin cikin soson suna rasa iska su fara mutuwa. Akwai daren da na tashi ƙarfe biyu ina ɗiban ruwa da kofi ina kwararawa daga sama don iska ta shiga, uwargida na tsaye da tocila tana mini dariya. Da gari ya waye na nemo ƙaramin injin iska mai batir.

A mako na shida gwaji ya nuna sifili da sifili. Yanzu duk Asabar nake canza kwatan ruwan, soso kuma sau ɗaya a wata nake matse shi a cikin tsohon ruwan da na zuƙo, ya koma da launinsa na ƙasa-ƙasa. 'Yata ta dame ni a cike gurbin biyar ɗin. Na tambayi Baba, ya dubi ukun da suka fara girma ya ce ko su ma nan da shekara akwatin zai yi musu kaɗan.